Daga Kujerar Mai Juya Shafi

Sri Petaling, Kuala Lumpur.

Zuwa ga Yayarsu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah Ya sa lokacin da za ki buɗe takardar nan kin sauka lafiya, kayanki sun sauka lafiya, kin sami abin da kika sa a cikinki. Allah Ya tsare ki a sama, Ya tsare ki a ƙasa, Ya haɗa ki da mutanen kirki a garin da ba ki da kowa. Abbanku ne zai miƙa miki ita a filin jirgi, don na san ni idan na zo miƙawa hannuna zai tona min asiri.

Da Hausa na rubuta, kuma da gangan. Na san za ki yamutsa fuska, ki riƙa bin kalmomin da yatsa kamar 'yar aji ɗaya, wata ma sai kin kira Abbanku ya fassara miki. To ki sha wahalar. Ni ma na sha wahalar karanta takardunki na kiɗa, ba wanda ya ji tausayina. Turancina ya isa ciniki da masu kantin yadi, ya isa faɗa da direban tasi, amma bai isa abin da nake son gaya miki ba.

Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya-jiya kika baro shi. Maganar ranar Asabar ce ta hana ni sakat. Kina durƙushe a falo kina danna akwati, ni kuma na juya na ce wa Abbanku, "Ka ce wa Yayarsu ta rage takalman nan, akwatin ba zai rufu ba." Sai kika ɗago. Ba ki ɗaga murya ba, da ma kin ɗaga da ya fi min sauƙi. Da Turanci kika ce, "Umma, ga ni a gabanki. Ina da suna. Tunda aka haife ni ban taɓa jin shi a bakinki ba." Kika ci gaba da ninke kaya, can kika ƙara da cewa, "Can dai ba wanda zai riƙa ce min 'ke'." Daga nan kika gaya wa Abbanku wai hutun farko ba za ki zo gida ba, za ki zauna a makaranta ki yi ta gwaji.

Kin ga na shige kicin, ƙila kin ɗauka fushi na yi. Ba fushi ba ne. Tsayawa na yi a kan tukunyar shinkafar da ba ta buƙatar kowa. Tun ranar gabana yake faɗuwa. Ba sanyin Jamus nake tsoro ba, ba abincinsu ba, ko da yake su ma suna cikin raina. Tsorona ɗaya ne: ki hau jirgin nan da tunanin uwarki ba ta damu da ke ba, ki je makarantar kiɗan nan ki tarar da mutane masu kiran sunanki da fara'a, ki duba ki ga babu abin da zai dawo da ke gida. Abbanku ya ce in zaunar da ke in yi miki bayani. Na gwada, bakina ya ƙi. Shi ya sa na ɗauko biro.

Bari in fara daga nesa, kin san halina, ba na iya shiga magana ta ƙofar gaba.

Lokacin da muka biyo Abbanku garin nan zai yi digirinsa na uku, kina tafiya daƙyar kina riƙe da zanina. Da kika shiga makaranta wata malama ta ce wai kina da kunne, duk abin da aka taɓa a fiyano sai ki maimaita. Abbanku ya je ya yi tambayoyinsa wajen malamansa, ya dawo da matsayarsa da sharuɗansa: salla a kan lokaci, sutura cikakkiya, ba zuwa inda ake shaye-shaye. Sannan ya kai ki wajen Malama Saroja a Brickfields, tsohuwar nan 'yar siririya mai koyarwa a saman kantin masu saƙa furanni. Ni ce mai rakiya. Ina kai ki ƙofa sai in sauko in zauna a mamak, shagon shayin nan na ƙasa, in sayi shayi, in yi ta waya da masu sarin yadina na Kano har ki gama.

Kin san sunan da na sa wa kiɗan naki a lokacin? Kiɗan lif. Don ni a lif ɗin otal kawai na san shi, sai kuma in an ajiye mutum a waya ana cewa ya jira. Ba ganga, ba amshi, ba wanda ake yabo. Shekaru ina jin sa ta taga, ban taɓa tsayawa na saurara ba. Matan 'yan Najeriya kuwa ce musu nake yi lesin lissafi nake kai ki. Ranar da Maman Hanifa, maƙwabciyarmu ta hawa na ƙasa, ta gan mu da littafin kiɗa a jirgin ƙasa, ta riƙe haɓa ta ce, "Au! Makaɗiya kuke raino? A zuri'arku akwai maroƙa ne, ko a ta Dakta?" Na yi dariyar yaƙe na ce wasan yara ne, za ki daina. Kina tsaye kina ji.

Abin da zan ce miki a nan shi ne, can ma za ki haɗu da irina. Za su hango hijabinki daga nesa su yanke miki hukunci, kamar yadda na yanke wa kiɗanki daga teburin mamak. Kada ki ɓoye musu sallarki yadda na ɓoye wa mata fiyanonki. Idan lokacin salla ya yi ana tsakiyar gwaji, ki faɗa a fili, da fara'a, ki je ki dawo. Wanda ya ɓoye abu sau ɗaya sai ya yi ta gadinsa, gadin nan kuwa akwai gajiya. Haka idan kin haɗu da Bahaushe a can ya tambaye ki me kike karanta, ki ce kiɗa, ki dube shi. Kada ki ce lissafi.

Sai ranar guɗa. Na san kin fi so a bar ta a inda take, amma yau sai na tono ta.

Kina shekara goma sha biyu aka shirya wa ɗaliban Malama Saroja wasa a ɗan zauren nan. Ban so zuwa ba, Abbanku ya matsa. Na sha leshina, na kafa ɗauri, na zauna a tsakiyar iyayen Sinawa da Indiyawa da Malayu ina hamma. Sai aka kira ki. Kika fito 'yar mitsitsiya, kika zauna gaban wannan ƙaton baƙin abu, kika ɗora hannu. Wallahi ban san abin da ya same ni ba. A karon farko ba taga tsakanina da ke. Na ga yatsunki suna gudu, na ji sautin yana hawa yana sauka, yana komawa inda ya fara kamar mai neman abin da ya yar. Na ji tsigar jikina ta tashi. Na ce a raina, wannan daga cikina ta fito? Kika buga wani wuri da ƙarfi, kika ɗage hannu, zauren ya yi tsit.

Ni na ɗauka kin gama. Wa ya gaya min kiɗan kashi uku ne, kuma tsakanin kashi da kashi ba a tafi, ba a ko tari mai ƙarfi? Kafin in ankara na kama hanci na rangaɗa guɗa. Guɗa fa ta gaske, irin ta kai amarya, mai tsawo, har da karkarwa a ƙarshe. Wata tsohuwa a gabana ta zabura ta yar da jaka. Wani ya miƙe yana neman ƙofa, ya ɗauka ƙararrawar gobara ce. Abbanku ya dafe kai. Ke kuwa kika juyo kika dube ni, kamar ƙasa ta tsage ki shige, da kika shiga kashi na biyu kika yi tuntuɓe har sau biyu. Kwana da kwanaki ba ki haɗa ido da ni ba.

Yanzu abin dariya ne, ƙannenki ma har kwaikwayona suke yi. Amma akwai abin da ba ki sani ba. A garinmu uwa ba ta yi wa 'yar farinta guɗa. Ba ta yabonta a gaban mutane, ko kallonta ba ta cika yi ba. Da a Kano na yi abin nan, ba don na katse kiɗa za a yi min dariya ba, cewa za a yi ba ni da kunya. Sau ɗaya tak a rayuwata son ki ya fi ƙarfina ya fito ta baki, sai ya fito a inda ba a so. Na koma gida na ce, to kin gani, maganinki ke nan. Na ja bakina na rufe, rufewar da ta fi ta da.

Shawarata a nan ba wai kada ki yi guɗa ba ce. Ki tambayi yadda ake yi a wuri kafin ki shiga, wannan gaskiya ne, tambaya ba ta rage mutum. Amma idan kin yi kuskure a gaban jama'a, kuma za ki yi, kada ki hukunta kanki da shiru na shekaru. Za ki manta layi wata rana a gaban manyan malamai. Ki ji kunyar, ki yi kukanki, washegari ki koma. Ni ban koma ba sai da aka jawo ni.

Malama Saroja ce ta jawo ni. Mako na gaba na kawo ki zan sulale ƙasa, ta tare ƙofa ta ce, "Madam, ki shigo." Na fara ba ta haƙuri, ta kaɗa hannu ta ce a shekarunta na koyarwa ba ta taɓa ganin wanda kiɗa ya shiga jikinsa kamar ni ba, matsalata kawai ban san hanya ba. Ta ce tunda zama cikin 'yan kallo ya gagare ni, in zo in zauna kusa da ke in riƙa juya miki shafi. Na ce ni? Ni da nake ganin rubutun nan kamar kashin ɓera a kan layi? Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Boleh, boleh, za ki iya. Mai iya lissafin yadi ba za ta kasa wannan ba."

Haka na koma makaranta da girmana. Ta nuna min idan ɗigon ya hau sama sautin ya yi siriri, idan ya sauko ya yi kauri. Ta nuna min baƙaƙen da aka haɗe da sanda gudu suke yi, farare masu rami a ciki zama suke yi. Har yau ban san sunan ko ɗaya ba, amma ina bin su da ido kamar yadda nake bin zanen atamfa in gane inda zai maimaitu. Ta koya min ladabin kujerar: a hagunki zan zauna, ɗan baya kaɗan. In miƙe kafin a kai ƙarshe, in kama kusurwar sama da hannun hagu don kada in tare miki gani. Ba awarwaro. Ba mayafi mai lilo, tunda nawa ya taɓa sauka a kan maɓallan ƙasa ya yi nasa kiɗan. Ba turare mai ƙarfi, kin tuna ranar da humrata ta sa ki atishawa a tsakiyar raka mai goge. In shigo a ƙarshe, in fita a ƙarshe, idan ana tafi kada in rusuna, ba nawa ba ne. Kuma ba a rubuta sunan mai juya shafi a takardar shiri. Wannan aikin ya dace da ni ƙwarai. An ba ni izinin zama kusa da ke, in yi ta kallonki, ba wanda zai ce na yi rashin kunya.

Amma ko a nan sai da halina ya biyo ni. Doka ita ce in jira ki gyaɗa kai sannan in juya. Ni kuwa tsoron kada in makara ya sa kullum nake riga ki. Sai in fizge shafin kina da sauran layi guda, ki yi ta lalube da ka. Ranar da kike raka yarinyar nan mai waƙa a jarrabawarta, na haɗa shafi biyu na juya. Ba ki tsaya ba, kika ci gaba da ka, kika sa hannu ɗaya kika mayar, ko kallona ba ki yi ba. Da muka fito na ce, "Na ɓata miki ko?" Kika ce, "Umma, ki daina tsoro. Ki jira ni kawai, zan gaya miki." Yarinya ta gaya wa uwarta haka!

To ni ma yau na mayar miki da maganarki. Jinin nan nawa yana jikinki, na gani. Daga kujerar nan na san ki fiye da yadda kike zato. Na san kina riƙe numfashi idan wuri mai wuya ya matso. Na san idan kin tsorata gudu kike ƙarawa, ba ragewa ba. Na san wuyan hannunki na dama yana miki ciwo tun watan azumi, kina murza shi a ƙarƙashin hijabi kina zaton ba wanda ya lura. Don Allah ki nuna wa likita da zarar kin isa, kada ki ce sai an gama zango. Ki sa safar hannun da na cusa a aljihun akwati, na ji an ce sanyinsu yana shiga ƙashi. Kuma kada tsoron a ce 'yar Afirka ta gaza ya sa ki yanke hukunci da gaggawa, ko a kan malami, ko a kan ƙawa, ko a kan namiji, ko a kan gida. Maganar hutun nan ma, ina ganin kin juya shafin tun ba a kai ƙarshen layi ba.

Na ga abin da Abbanku ya saya miki, tablet ɗin nan da abin takawa a ƙasa, ki taɓa da ƙafa shafi ya juya da kansa. Na yi murna a fuska. A zuci kuwa, in gaya miki gaskiya, na tsani abin nan. Ba ya haɗa shafi biyu, ba ya sa humra, ba ya makara. Da kika ce littattafan takarda sun yi nauyi za ki bar su, na ce to. Amma ki duba ƙarƙashin zannuwan gado a babban akwati, na sa miki guda ɗaya, koren nan da bangonsa ya yage. Takalmi ƙafa biyu na cire na sa shi, ki yafe min. Akwai rubutun fensir ɗin Malama Saroja a ciki, akwai naki, akwai nawa da Hausa a saman shafuka: "miƙe", "jira ta", "koma baya". A ƙarshen kashi na farko za ki ga inda na rubuta da manyan baƙaƙe, "BA A GAMA BA."

Wani abin kuma, kada kiɗa ya zame miki aiki kawai. Na lura tun da aka fara maganar jarrabawar shiga makarantar nan kin daina saurare don daɗi, sai don ki kamo kuskure. Ni da na shigo a makare, bari in ba ki shawara a fagenki, ki yi dariya in kin so. Ki riƙa zuwa kallo a kujerun baya masu arha, ranar da ba ke za ki yi ba. Wani lokaci ki tafi da littafin ki bi da ido, akwai daɗi ka ga abu yana tahowa tun kafin ya iso kunne. Wani lokaci kuma ki bar shi a ɗaki ki je hannu rabbana. Ki nemi kashin tsakiya, mai tafiya a hankali, nan ne mai rubutun yake faɗin abin da ke damunsa. Idan kewar gida ta kama ki, ki saurari ƙaton gogen nan da ake jinginawa a ƙirji, shi kaɗai ba rakiya. Muryarsa irin ta kakanki ce, mahaifina, idan yana magana ƙasa-ƙasa bayan ya idar da salla. Ni shi nake sawa yanzu a kunne idan ina zaɓen yadi a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, masu kanti suna zaton wa'azi nake ji.

Kuma ki je ofera, wasan kwaikwayon nan da ake yi da waƙa, ki je da yawa, tunda can gidanta ne. Kin tuna wadda kika ja ni muka je? An soki wata mata a kan dandali tun ɗazu, ta faɗi, ta tashi, tana ta waƙa da Italiyanci, na matso na raɗa miki, "Wai har yanzu ba ta mutu ba?" Kika toshe baki kina dariya har kujera tana girgiza. Abin da ban gaya miki ba shi ne abin da ya biyo baya. Can wajen ƙarshe matar ta daina dogayen maganganu, ta kama suna ɗaya tana ta kira. Ta kira shi da ƙarfi, ta kira shi a hankali, ta ja shi, ta sake shi, a gaban ɗaruruwan mutane. Da farko na ce, kai, Turawa ba kunya. Sai kuma na ji hawaye yana bin kumatuna. Ba tausayinta na ji ba. Ƙyashi na ji. Kina gefena, kafaɗarki tana taɓa tawa, kika miƙo min tishu kina tsokanata wai Umma ta zama 'yar ofera.

To ga maganar da nake ta kewayewa.

Ke ce 'yar farina. A inda na tashi, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunan babban yayanmu ba har ta koma ga Allah, kuma duk gidan an san ko ƙaya ce ta soke shi ita ce ba ta barci. Ba wanda ya taɓa ce masa ba a son sa. Yana ganin maƙwabta haka, 'yan uwa haka, ya san abin da shirun yake nufi tun bai yi wayo ba. Ke kuma abin ya haɗu miki biyu, don sunan Hajiya aka sa miki, mahaifiyar Abbanku, surukata. Sunan da ko a bayan idonta ban taɓa furtawa ba. Shi ya sa Abbanku yake ce miki Ummi, ni kuma na rasa abin kira sai "ke", har Allah Ya kawo ƙannenki na samu "Yayarsu" na rataya.

Malama Saroja ta taɓa nuna min wata 'yar alama a littafinki, kamar tsuntsu ya karkace. Na ce wannan wane sauti ne? Ta ce ba sauti ba ne, shiru ne. Ta ce shi ma rubuta shi ake yi, ƙirga shi ake yi, wanda ya tsallake shi ya ɓata kiɗan. Na ce mata ai mu mun daɗe da sanin wannan. Na dawo gida ina jin daɗi, ina cewa ashe 'yata ta san karatun shiru, to ta gane nawa.

Nan ne na yi wauta. Ni sai da aka zaunar da ni aka koya min naku kafin na daina guɗa a inda ba a yi. Ke wa ya zaunar da ke ya koya miki namu? A nan kika tashi, kina ganin uwayen ƙawayenki suna kiran su da suna, suna rungume su a bakin makaranta, suna ce musu sayang, wato abin ƙaunata. Ni kuma ina aiko miki da saƙo ta bakin Abbanku kina zaune a gabana. Na ba ki takarda ban koya miki baƙaƙenta ba, na zauna ina jiran ki karanta. Abin da kika karanta kuwa, ranar Asabar na ji shi.

Saboda haka ki riƙe wannan ko da kin manta sauran. Inda za ki, ba wanda ya san karatun shirunki. Idan kina jin yunwa ki faɗa. Idan malami ya yi miki abin da ba ki so ki faɗa. Idan wani ya kyauta miki ki gaya masa da baki, kada ki ce ai ya gani a fuskata. Kunya abu ne mai kyau, ba na so ki yar da ita, amma a wurin wanda ya san ta take aiki. Wanda bai san ta ba, ƙiyayya yake gani.

Kwana biyun nan ina ta gwaji, ni ma. Idan kun fita sai in kunna famfon kicin don kada in ji kaina, in buɗe baki. Ina kaiwa rabin sunan sai harshena ya naɗe, in ga kamar Hajiya tana tsaye a bayana. Jiya Abbanku ya shigo ɗaukar ruwa ya same ni ina magana da famfo, ya tsaya ya dube ni, ya gane, ya juya ya fita. Ban iya ba tukuna. Amma Malama Saroja ta ce wuri mai wuya a hankali ake fara shi, hannu ɗaya tukuna. To ga hannu ɗayan.

Allah Ya tsare min ke, Bilkisu. Allah Ya yi miki albarka, Bilkisu, Ya sa ki gama lafiya, Ya kare miki imaninki da mutuncinki da hannuwanki, Ya raba ki da sharrin mutum da na aljan, Ya sa duk inda kika shiga a so ki. Ban taɓa yin salla ban sa ki a addu'a ba, kuma a can, tsakanina da Ubangijina, da sunanki nake kiran ki tun ranar da aka raɗa miki shi.

Na rubuta, ga shi hannuna bai karye ba, sai dai takardar ta ɗan jiƙe, ki yi haƙuri da wurin. Kada ki yi min tafi, kuma kada ki rufe littafin. Wannan kashi na farko ne. Na bakin yana nan, ba kuma zan yi shi ta waya ba, sai kina zaune a gabana a falon nan. Ki zo hutu. Zan miƙe in kama kusurwar shafin in jira, wannan karon ba zan riga ki ba, sai kin gyaɗa min kai.

Ki kira da zarar kin gama karantawa, ko gaisuwa ce kawai. Ki ci abinci.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Umma